Dutsen Mutari

Su saba'in da uku ne a ajina,
benci ɗaya mutum huɗu, gwiwa na gogar gwiwa.
Sha ɗaya na yi, kwanon rufi ya fara ƙara,
ni kuwa na san alamar:
Mutari zai danne alli har ya zama gari,
numfashinsa ya koma zugazugin maƙera.

Bara ya fasa allon Kyari a kan Kyari.
Aka yi bulala.
Aka kira uban daga bakin kabu-kabunsa,
aka ƙara bulala.
Wuta muke ta hurawa, muna ce mata mutu.

Wata asuba na ratsa Garin Malam
na gan shi a layin famfo,
jarka shida a baro, ido ja.
Ruwan unguwarsu ba ya zuwa sai ukun dare.
Ashe kafin ya iso lakwal
ya riga ya ƙarar da haƙurin yini guda.

Na tsinto dutse a gindin duwatsun Birni,
bai fi ƙwan zabuwa ba.
Na ce: Yana nan a kan teburina.
In ka ji abin ya taso, kada ka ce komi,
ɗauka ka fita.
Gindin bedi, kusa da randa.
Moɗa ɗaya ka sha, ɗaya ka ba itacen.
Ba kora ba ce, gurbinka na jiranka.
In dutsen ya yi ɗumi, ya karɓe maka ke nan,
sai ka dawo.

Darakta ya leƙo ta taga.
Madam, kina sangarta yaron nan,
icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na ce: Ɗanyen ma, in an matsa, tsagewa yake.
Ya tafi yana kaɗa makullai.

Habsu ta ɗaga yatsa: Mu fa?
Na ce dutsen na kowa ne.
Ranar mutum sha ɗaya suka yi fushi,
fushin ƙishirwa, randa ta ga ta kanta.
Kafin Juma'a suka gaji,
ya koma hannun masu bukatarsa.

Ba kullum yake ci ba.
Ran nan ya wurga shi ta bayan katanga,
ya sauka a tiren mai fanke.
Dala ashirin na biya.
Washegari na iske dutsen a kan teburi,
an wanke shi, da saura maiƙo kaɗan.

Sai watan da albashi ya ƙi fitowa,
na baro ɗiyata da zazzaɓi,
sufeto kuma na kan hanya.
Na juya ina rubutu, wani ya yi kukan akuya.
Aji ya fashe.
Ban san sa'ad da na ɗaga dorina ba,
ni da na rantse na ajiye ta.
Ban ma san wa zan buga ba.

Shiru.
Sai ƙarar silifas ɗaya.
Mutari ne, bai kalli fuskata ba,
ya buɗe tafina na hagu ya sa dutsen.
Madam, ya ce, moɗa ɗaya ki sha.

Na fita.
Inuwar bedi ƙarama ce, ashe,
sai ka takure take isarka.
Ƙadangare ya yi mini sallama da kai sau uku.
Ruwan na ɗanɗanon ƙasa.

Daga ciki ina jin muryarsa,
ya tsaya a wurina yana jan su lissafi:
bakwai sau takwas, hamsin da huɗu!
Saba'in da biyu suka amsa masa da ƙarfi.
Ba daidai ba ne.
Ban tashi ba tukuna,
dutsen bai yi ɗumi ba.