Uku Cikin Ɗari

Ni mai awo ne a Tudun Hatsi,
shekara arba'in mudu bai bar hannuna ba.
Lissafin takarda ban iya shi ba,
sai wanda ido ya gani, tafi ya shafe.

Dudu ta kira ni daren Laraba,
can wurinsu Alhamis ta waye.
A Japan take, gidan kula da tsofaffi,
ta gama bai wa wata mai ɗari da biyu
kunun shinkafa, cokali cokali.

Ta ce, Baffa, ɗebo wake ɗari.
Na ɗebo, na baza kan tabarma.
Ta ce, ware uku. Na ware.
Ta ce, ku ke nan a ƙasarmu,
ku da kuka haye sittin da biyar.
Na ce, can fa?
Ta ce, ja talatin, ko da ɗan ragi.
Na yi ta ja da ɗan yatsa
har suka gangara gefen saƙa.

Ta ce, wajen shekarun da aka haife ka
su biyar ne, mu uku,
ratar ba ta kai a yi ciniki a kanta ba.
Nasu ya hau kamar kuɗin gero tsakiyar damina.
Mu muna nan kan ukunmu
kamar duwatsun murhu.

Ban yarda da awon da ban taɓa ba.
Da asuba na tsaya bakin dakalin Jekadafari
na ƙirga da kaina.
Mu goma sha ɗaya ne shekarar da aka zuba kwalta.
Manu Tela, hawan jini.
Gidado mai kanwa, hanyar Bauchi.
Jibir ya faɗi a layin fansho
da takardunsa a hammata.
Sambo ciwon kwana biyu kawai,
aka ce babu gado, a dawo gobe.
Saura ni, da Bappa Yero,
da Tukur da ba ya jin sallama.

Sai ga 'yan makaranta sun ɓarko,
sun cika lungu kamar an kwance bakin buhu,
wani ya taka mini takalmi,
wata ta ce, Kaka sannu, ba ta tsaya ba.
Na kai tamanin na ɓace.

Dudu ta ce a ƙauyen tsohuwarta
an kulle firamare, ciyawa ta ci fili,
'ya'yan itace na nuna, suna faɗuwa,
babu ƙafar da za ta hau ta sata.
Tsohuwar takan riƙe mata wuyan hannu,
ta kira ta da sunan wata ƙanwa
da ta rasu tun zamanin yaƙi.
Dudu takan amsa.

To ni wanne zan ce ya fi?
Rumbu cike da tsohon hatsi babu iri,
ko gona shar da tsiro
wadda kaɗan ke kai wa girbi?
Da na so in yi musu hassada,
sai na tuna bishiyar nan.
Da na so in yi mana alfahari,
sai na tuna takardun Jibir a ƙasa,
mutane na tsallake su.

Na ce, Dudu, in na kai ga cokali,
hannun wa zai ba ni?
Shiru. Ko katin ne ya ƙare,
ko ita ce, ban tambaya ba.

Waken na nan kan tabarma, tsibi biyu.
Kafin in juyo daga alwala
kazar maƙwabta ta tsince ɗaya cikin ukun.
Hammadi, jikana, ya rarrafo
ya watsa sauran da tafin hannu,
babba ya shige cikin ƙarami.
Goggo ta leƙo ta ce, Malam,
wake na tukunya ne, ba na ƙirge ba.
Ta kwashe duka, ta ɗora.
Mun ci da rana, mu goma sha tara,
ni kaɗai ne aka dama wa nawa ya yi laushi.