Jif Mai Zuciya Biyu

A gindin gadar Ojuelegba, teburin shayin Sallau,
tun la'asar ake cinikin biri a sama.
Jif ce, wai, tana can bayan teku,
ko jirgin da zai kawo ta Apapa bai sha mai ba.

Namadi dillali ya ce zuciya biyu gare ta,
ɗaya fetur, ɗaya batir.
Ka taka birki, ta tara wuta da kanta
kamar mai zubin adashi.

Ilu direba ya ce a'a, ta jonawa a bango ce.
Aka kwashe da dariya. Bangon wa?
Layinmu yau kwana huɗu ba wuta.
Ka ta da janareto, ka ƙona mai
don ka yi tsimin mai,
an gudu ba a tsira ba.

Wani ya ce, ruwan Lekki fa, in ya kai gwiwa,
batir yana ƙarƙashin kujera?

Ni ban tanka ba.
Shekara ashirin da uku ina Ladipo,
da kunne nake ci.
Mota ta yi tari daga bakin titi,
na san bawul ne ko fulogi.

An ce wannan, a cunkoson Oshodi,
shiru take yi,
tana tafiya ba numfashi.
To ranar da ta kwanta ciwo,
me za ta faɗa mini?

Shayina ya huce.
Na goge baƙin mai daga sifana,
na ce wa yarona Talle gobe ya tambayo
nawa ake koyon kwamfutar nan.