Tarin Tullio

A Cremona, a lungun da ke bayan hasumiya,
shagon Ermete Bodini na warin gam da ɗanyen katako.
Ina 'yar sha shida na shiga, tafin hannuna babu kanta.
Ya miƙo mini goge a buɗe, kamar kifin da aka feɗe,
ya ce, "Nives, kafin ki riƙe wuƙa sai kin san suna."

Ya nuna wani ɗan tsinke da bai kai ɗan yatsa ba,
tsaye a ciki, tsakanin ƙirji da baya.
"Wannan shi ne anima. Rai ke nan.
Gusa shi faɗin gashi ɗaya, murya ta sauya.
Zare shi, ki ji akwati na kukan banza."
Na ce, wa ya raɗa masa?
Ya ɗaga kafaɗa. "Wani da ya zare shi, ya ji abin da ya mutu."

Haka na bi su, ina tsinta kamar kaza.
Ponticello, 'yar gada ce da tsirkiya ke hawa.
Kan gogen da ya nannaɗe, dodon koɗi muke ce masa.
Sandar ciki sarƙa ce, ko da babu ƙarfe a jikinta.
A takardar makaɗa kuwa, andante tafiya ce kurum,
irin ta mai zuwa kasuwa, ba wanda ya koro shi.

Yayata Ottavia likita ce, ta yi mini dariya a kan abinci.
"Mu ma haka. Tsokar damtse ɗan ɓera muke kiranta,
don wani ya ga tana gudu a ƙarƙashin fata."
Mijinta ma'aikacin banki ya ajiye cokali,
ya ce banki ma benci ne, na 'yan canji a bakin hanya.

Sai kuma Tullio, mai gidan burodin da ke jikin bangonmu.
Fulawa ta zauna masa a ƙirji shekara talatin.
Ta bango muke jin tarinsa, busasshe, biyu a jere, sai shiru.
Wata safiya aka kawo goge daga Mantova
mai gurnani ƙasa-ƙasa a tsirkiya ta uku.
Kwana huɗu muna lalube, ashe gam ne ya saki a ƙugu.
Ermete ya ja baka, goge ya yi, bango ya amsa,
murya ɗaya sak.
Tsoho ya yi dariya har ya share ido da gefen riga.
"Rubuta a littafi, yana da tarin Tullio."

Na rubuta. Ba mu nufi komai ba.
Yaran shago suka zo suka tafi,
ɗaya Seoul, ɗaya Porto, ɗaya ban san inda ya faɗa ba,
kowa ya ƙunshe kalmar cikin jakar kayan aikinsa.
Tullio ya rasu shekarar da kogin Po ya yi ambaliya.
Ermete bai daɗe ba ya bi shi.
Gidan burodin yanzu wayoyi ake sayarwa.

Jiya, da furfurata da tabarau,
wani dogon saurayi ya shigo rungume da akwati.
"Malamina ya ce tarin tuliyo ne."
Da ƙaramin harafi ya faɗe shi, na ji a bakinsa.
Na ce, ka san asalinta?
Ya ce, "Latin ce, ina jin, tsohuwar kalma."

Ban gyara masa nan take ba.
Na ɗora gam a wuta, ina kallon bango,
ina tunanin wane maƙwabci ne ke kwance a ƙarƙashin anima,
wace gada ce ta farko, a kan wane rafi.
Sannan na jawo masa kujera.
"Zauna. Mutum ne.
Gishiri yakan yi yawa a burodinsa,
kuma kiɗanmu bai taɓa burge shi ba."