Awon Kalma

A Tudun Hatsi da mudu ake awo.
Ni a ɗakina na Jekadafari da kalma nake yi,
naira huɗu kowace ɗaya.
Har "da" da "na" ana ƙirga mini su,
shi ya sa ba na raina ƙaramar kalma.

Wai ba ni da oga, in ji mutane.
Goma sha ɗaya gare ni, duk suna cikin waya,
kowannensu jiya yake son aikinsa.
Wannan tallar maganin basir yake so, daƙiƙa talatin, ta yi zaƙi.
Waccan ƙungiya rahoton rijiyoyin ƙauye,
rijiyoyin da ban taɓa kurɓar ruwansu ba.
Wani ɗalibi ya ce in rubuta masa babi na biyu.
Na ce a'a,
na kwana ina lissafin abin da a'ar ta ci mini.

Ranar suna Goggo Dudu ta ja ni gefe:
"Bappayo, har yanzu ba a ɗauke ka ba?"
Na ce ina aiki, Goggo.
"A ina?"
A gida.
Ta yi mini duban mai jinya,
ta ƙara mini tsoka a kan shinkafa.

Wuta kan tafi ina tsakiyar jimla.
Na san ƙarshenta, amma kwamfuta ta riga ni barci.
Sai in rungume ta kamar jaririya
zuwa shagon Manu mai caji:
ɗari biyu, da benci, da hayaƙin janareta,
da gardamar ƙwallo a kan kafaɗata.

Ran Asabar Alhaji Jungudo ya karanta jawabina
wajen ƙaddamar da asusun makaranta.
Ina can baya, kusa da masu raba ruwan leda.
Ya yi tuntuɓe a karin maganar da na fi ji da ita,
ya tsallake sakin layi guda,
aka tafa masa duk da haka.
Na fara miƙewa, sai na tuna.
Cikon kuɗina kuwa sai Litinin in Allah ya so.
Litinin huɗu sun bi ta ƙofar gidanmu,
babu wadda ta yi sallama.

Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi.
Kamfanin layi ne, wai in sayi waƙar kira.

Hajjo ba ta tambaya.
Takan dai bar tukunya a buɗe
inda idona zai faɗa ciki.

Daren jiya Baba Hammadu ya yi sallama,
tsohon mai gadin asibiti, da takardu cikin leda,
sun yi laushi kamar tsumma saboda yawo.
Shekara bakwai yana bin haƙƙin sallamarsa.
Ya yi ta magana, ina ta tsince tsakuwa.
Da na gama ya ce, karanta in ji.
Na karanta.
Ya cire hula, ya daɗe yana duban cikinta,
ya ce, "Abin da nake son faɗa musu ke nan
tun ina da haƙora."

Ban yi zancen kuɗi ba, shi ma bai yi ba.
Ko za su buɗe ambulan ɗin, Allah masani.

Da safe jikarsa ta kawo mudun wake,
an cika shi har ya yi tozo.
Na ƙirga, don hali zanen dutse:
kalma ɗari uku da sha biyu.
Hajjo ta ɗora tukunya, ta rufe.

Mai maganin basir ya kira sau uku.
Ya ce tallar ta yi,
sai dai in ƙara mata gishiri,
kuɗin kuma yadda muka yi da farko.