Ledar Gwaggo Hansatu

Da ciwon gwiwa ta je asibiti,
ta dawo da leda mai nauyin cefanen Juma'a.
Na zazzage a kan tabarma, na ƙirga:
tara.
Fari da safe, ja da dare,
rawaya don kada farin ya ƙwaƙule mata ciki,
wani mitsitsi kamar ƙwayar gero
don jirin da rawayan ke kawowa.

Ta ce likita bai ɗago kai ba.
Biro ne ya gaishe ta, biro ya sallame ta.
Mutum saba'in na jira a benci bayanta,
ban iya ɗora masa laifin duka ba.

Sagiru mai kemis a Mandawari
ya ƙara biyu daga kansa:
"Na ƙarin jini ne, Hajiya, na rage miki."
Ranar Laraba aka kai tunkiyar layya kasuwa.

Da dare a dakalin Malam Tasi'u
gardama ta riga shayi tafasa.
Munzali ɗan jami'a ya buga cinya:
"Asusu ɗaya! Kowa ya zuba, hukuma ta biya.
Mai gidan bene a Nassarawa da mai haya a Kurna
su shiga ta ƙofa guda.
In mai biya ɗaya ne, zai tsare likita
ya tambaye shi dalilin ƙwaya ta tara."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wanda ya bar famfonmu da ƙishirwa
shi zan ba amanar hantata?
Yaro, wannan adashi ne
da ba ka san gidan uwar adashin ba."

"Yanzun ma adashin muke, Malam,
sai dai na bayan an kwanta:
takardar asibiti a hannun ladan,
a yi sallama, a miƙe, kowa na laluben takalmi."

Aka yi shiru.
Ɗanjuma tela, da bai ce uffan ba,
ya ɓare ƙwaya biyu ya kora da shayi,
ɗinki na jiransa har asuba.
Duk mun gani. Muka kalli titi.

Na koma gida, wuta ta ɗauke.
Gwaggo ta jera su a murfin samira
tana haska su da fitilar waya
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
"Wanne ne aka ce sai an ci abinci?"
Na duba rubutun Sagiru. Na ce, duka.

Ta dubi tukunya, ta dube ni.
"To, da ya rubuta tuwon a sama."

Ta jawo darduma.
Gwiwar tana nan inda take,
a zaune ta yi isha'i.