Littafin Awo

Ƙarfe uku na dare, ni da tocila da kwalba,
a bakin tafki na huɗu, can bayan Kumasi.
Abin da gari ya zubar tun safe ya riga ni zuwa:
ruwan wankin Aboabo, kumfar sabulun Asawase,
jinin mayanka, ragowar rini,
baƙin man da makanikai suka tuttule a lambatu,
da abin da ba a faɗa gaban surukai.

Yana shigowa baƙi ƙirin.
Rariyar ƙarfe ta tare leda, tsumma, takalmin yaro wari ɗaya.
Yashi ya kwanta. Laka ta kwanta.
Sai ƙananan halittun da ido bai isa ya gani ba
su kama aiki, ba albashi, ba hutun salla,
iska kaɗai suke roƙo.
In inji ya hura musu, su lamushe dagwalon gari,
ruwa ya fito garau har wata ya leƙa ya ga fuskarsa.

Malam Seidu ya biya mana a zaure:
ruwa shaidunsa uku,
launi, ɗanɗano, ƙamshi.
In babu wanda ya jirkita, yi alwalarka.
Allah ya jiƙan Malam,
bai ga takardar da Akosua ke fitowa da ita daga ɗakin gwaji ba.
Akwai dalma, ba ta wari.
Akwai sauran ƙwayar asibiti da ta biyo fitsari,
ta ratsa rariya, ta ratsa tafki,
ta wuce mu ko sallama babu.

Ran Laraba aka ɗauke wuta awa tara.
Janareta ya yi tari sau biyu, ya yi gum.
Ina tsaye ma'aikatan nan nawa suna shaƙewa a ƙarƙashin ruwa.
Sai sama ta kece, tafki ya cika ya batse,
abin da ya shigo ya fita yadda ya shigo.

Da safe manaja ya dafa kafaɗata:
"Mumuni, rubuta irin na jiya. Kwana ɗaya ne fa."

Gangare da mu, inda rafi ya karya kwana,
nan fadamar gwaggona Ladidi take,
latas, kabeji, albasa mai lawashi.
Da gwangwani biyu take ban ruwa.
Gobe kayanta na kasuwar Kejetia,
jibi suna kan shinkafa da waken wani ɗan makaranta.

Na riƙe biro har tafina ya jiƙe.
Na rubuta lambar da kwalba ta ba ni,
mummuna, yadda take.
Na buga waya: "Gwaggo, kwana uku kar ki ɗiba."
Ta ce, "To, latas ɗin ya sha me?"

Har yau ban ba ta amsa ba.
Uku da kwata yanzu.
Inji na gurnani, kwaɗi sun dawo.
Na durƙusa, na tsoma kwalba.