Rezar da Ban Kwance Ba

Ni ce Tamo ta Bagga.
Rabin garin nan ta tafin hannuna suka shigo duniya.
Ladanin yanzu ni na yanke masa cibi,
na binne mabiyiyarsa gindin aduwa;
in ya ɗaga murya da asuba
kukansa na fari nake ji.

Ba na ƙirga waɗanda suka rayu.
Biyu nake ƙirgawa.
Habsu, da jini ya ƙi tsayawa:
na ƙarar da tsummokin gidan,
na wanke allo na ba ta, na tofa duk abin da na sani,
tana kallona kamar mai jiran in gama magana.
Ɗanta nonon akuya ya sha.
Da Zali, kwana uku a kan gwiwa,
ba ta ce wayyo ba don kada a ce ɗiyar wane raguwa ce.
Yau a gidan biki nesa da mata take zama,
tana gyara zane,
tana gyara zane.

Sai ga Ashalu, ɗiyar ɗiyata, wata tara,
ƙafa ta kumbura ta ƙi takalmi.
Ta ce: Kaka, a ɗakin nan zan durƙusa.
Can rigingine ake kwantar da mutum, fitila a ido,
wata da ba ta kai ni ba ta daka mini tsawa,
a miƙo takardar magani, jika nawa?
Mai gidan yana Abijan, saƙo bai iso ba.
Nan ga tabarmata, ga igiya a azara,
ga ki.

Ban ce ƙarya take ba.
Ni ma na ji ana tsawar.

Daren Talata naƙuda ta taso.
Na shafa man shanu, na laluba cikin,
inda kai ya kamata ya kwanta
abin da hannuna ya taɓa ba kai ba ne.
Hannun nan ya girmi masallacin Juma'a,
bai taɓa yi mini ƙarya ba,
ni ce wani lokaci na ƙi saurarensa.

Na buga ƙyauren Sahabi:
Tashi, ɗaura jaki!
Amalanke har bakin kwalta, kowane rami tana cije mayafi,
daga nan motar albasa ta ɗauke mu zuwa Tawa,
mu da buhuna, da warin da ke sa hawaye,
na ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifi.

A matanite yarinyar ta yi tsawar kuwa:
Sai yanzu, tsohuwa?
Na haɗiye. Na dubi hannunta, ba bakinta ba.
Ta taɓa daidai inda na taɓa,
ta ɗago ta dube ni, ba ta ƙara cewa komai ba.
Aka tura gado, ƙofa ta rufe.

Na zauna ƙarƙashin bedi da sauran masu jira,
rezata sabuwa ƙulle a bakin zane.
Shekara arba'in, yau ne aka haihu
ina waje.

Hantsi ya dubi ludayi aka ce: mace ce,
uwa na barci, an ɗinke.
Na roƙi abu guda, suka yi dariya suka ba ni
cikin ɗan bokiti mai murfi.
Gindin aduwa zan kai ta, kusa da ta uwarta.
Wuƙa tasu ce, ƙasa tamu.

Matan rijiya na tambaya: Tamo, kin aje sana'a?
Ban aje ba.
Matar maƙeri watanta ya tsaya, ta rantse gida za ta haihu,
in ta kira zan je, wa zai ƙi?
Amma na gaya wa Sahabi
jakinsa ya kwana kusa,
kada ya kwance masa linzami.